Yadda ake rage tsayin tsohuwar Kombi mai ɗakin kwana ba tare da an jefa rai cikin haɗari ba

A Jamus da Birtaniya da Amurka, tsohuwar Volkswagen Kombi da aka mayar ɗakin kwana, irin aikin kamfanonin Westfalia da Devon da Dormobile, mota ce ta ƙawa, kuma masu ita da yawa na son su ga ta durƙusa kusa da kwalta. Ita ce dai wadda aka haɗa a masana'antar Volkswagen ta Legas, ta yi zamaninta tana danfo. Rage mata tsayi ba laifi ba ne. Sai dai kowace santimita da aka sauke, daga wani wuri aka ciro ta: ko daga filin da taya ke motsi sama da ƙasa, ko daga tazarar cikin mota da ƙasa, ko daga kusurwar da sitiyari ke aiki a kai. Aikin duka shi ne a san daga ina aka ciro, a kuma auna abin da ya rage.

Bayanin nan ya fi karkata ga ƙirar da ake kira T2, mai faffaɗan gilashin gaba guda ɗaya, wadda aka ƙera a Jamus daga 1967 zuwa 1979. Za a taɓo mai rababben gilashi ta kafin 1967 da T3 mai kusurwoyi a inda suka bambanta.

Awo kafin a taɓa sifana

A fara da nauyi. Kombi mai ɗaki ba fanko ba ce: akwai gado, kabad na katako, tukunyar gas, tankin ruwa, batir na biyu, wani lokaci da rufin da ake ɗagawa. A loda mata duk abin da take tafiya da shi, a cika tanki, mutane su shiga, a hau sikelin manyan motoci a auna gaba daban, baya daban. Iyakar da kamfani ya yarda tana rubuce a farantin motar. A yawancin T2 na ƙarshe gaba na ɗaukar kilo dubu da 'yan kai, baya kusan 1,300.

Tana nan da kayanta, a kan siminti mai baje, a auna daga tsakiyar kowace taya zuwa leɓen ramin tayar, a rubuta huɗun. Tsakiyar taya ake nufa, ba ƙasa ba, don kada iskar taya ta ɓata lissafi. Sau da yawa a nan ake gane cewa motar ta riga ta zauna da kanta saboda sifirin ya gaji, ko gefe ɗaya ya fi ɗaya ƙasa. Sannan a leƙa a auna gibin da ke tsakanin ƙarfen ƙafa da robar da ke tare shi idan ya kai ƙarshe. Wannan gibi shi ne jarin da za a kashe.

Kafin a ci gaba a buga bim ɗin gaba, wato bututu biyun da ke riƙe da ƙafar gaba, da guduma, musamman ƙasan farantan gefe inda ruwa ke kwanciya. Bim na T2 daga ciki yake ruɓewa, fenti na waje yana nan lafiya. Haka ƙarfen shasi inda bim ke ɗaure, da bututun baya. Idan guduma ta lotsa ƙarfe, maganar rage tsayi ta tsaya sai an yi wannan gyaran. Boljoyin, kan tayarod, bushin da akwatin sitiyari duk a girgiza su. Abin da ke da ɗan wasa a tsayin kamfani zai zama babban wasa idan kusurwa ta canza.

Gaba

Ƙafar gaba bututu biyu ne a kwance, ɗaya bisa ɗaya. Cikin kowanne akwai damin ganyayyakin ƙarfe, an daƙe shi a tsakiya da kusa, bakinsa biyu na riƙe da hannuwan da ke ɗauke da taya. Idan taya ta hau, damin ya murɗe, shi ne sifirin ɗin.

Hanyar da muka fi amincewa da ita ita ce sauya sifindil, wato ƙarfen da taya ke juyawa a kansa, da wanda aka ƙera sandarsa sama da inda take. Yawancinsu na sauke mota inci biyu da rabi, kusan santimita 6. Amfaninsa shi ne hannuwa da boljoyin da shokozoba duk suna zaune a kusurwarsu ta asali, laushin tafiya bai canza ba. Amma a lura da abu uku. Tayar ta shige cikin raminta da santimita 6, don haka tana iya dukan rufin ramin, wanda shi ne ƙasan kujerar direba, kafin ƙarfe ya kai ga robar tarewa. Wasu nau'o'in kuma na turo taya waje kaɗan, sai ta goge leɓen rami idan an karya kwana. Na uku, boljoyin na ƙasa yana matsowa kusa da cikin rim, har wasu ba sa zama da rim inci 14 sai 15. A sayi na ƙwararrun maƙera da aka san sunansu. Sifindil da wani ya yanka ya liƙa da walda a bakin titi, ranar da ya karye taya ce za ta bar mota da birkinta gaba ɗaya.

Hanya ta biyu ita ce a yanke inda aka daƙe damin a tsakiyar kowane bututu, a yi waldar wani ƙarfe mai haƙora da zai ba da damar juya damin a ɗaure shi a sabon matsayi. Sai an sauke bim daga mota, an zare hannuwa da ganyayyaki. Dole bututu biyun su kasance a kusurwa ɗaya, in ba haka ba dami ɗaya ne zai ɗauki nauyin duka. A bututun ƙasa akwai sandar da hannun sitiyari ke juyawa a kanta. Idan zafin walda ya karkatar da gidanta, sitiyari zai riƙa cijewa. A kuma kiyaye bushin da boris na cikin bututu, zafi na lalata su.

Matsalar wannan hanya ita ce duk abin da aka sauke daga filin motsi aka ɗebe shi. Hannuwa sun tashi sama tun mota na tsaye. Boljoyin na da iyakar kusurwar da zai karkata. Idan aka wuce ta, wuyansa ya riƙa dukan bakin gidansa a kowane rami, har ya tsage ko ya fice. Shi ya sa ake sayar da boljoyin masu faɗin karkata. Gwajinsa kuwa ba wuya: kafin a mayar da ganyayyaki, a haɗa hannuwa da sifindil da taya, a ɗaga da hannu daga ƙasa har sama, sitiyari a tsakiya, sannan a ƙure shi hagu, a ƙure dama. Abin da ya kamata ya fara tsayar da motsin shi ne robar tarewa. Idan boljoyin ne ya fara cijewa, ko tayarod ya daki shasi, ko taya ta taɓa ƙarfe, an sauka da yawa.

Shokozoba ma a auna ta. Ta asali doguwa ce. A motar da aka sauke da wannan hanya tana ƙurewa kafin ƙafa ta gama hawa, sai duk bugun ya koma kan kusar da ke riƙe da ita. A matse ta har ƙarshe a auna daga ido zuwa ido, a kwatanta da tazarar mazauninta biyu lokacin da ƙafa ke kan roba. Ta zama ta fi guntu da aƙalla santimita ɗaya.

Akwai abin da ba a yi ko kaɗan: zare wasu ganyayyaki daga dami don mota ta zauna, da yanke robar tarewa a jefar. Na farko na raunana sifirin a daidai lokacin da filin motsi ya ragu, na biyu na barin ƙarfe ya daki ƙarfe. Idan robar ta yi tsawo, a sa gajeriya, kada a bar wurin babu komai.

Baya

Nan sandar murɗa ce guda a kowane gefe, a kwance cikin bututu. Bakinta na ciki na da haƙora 44, na waje 48, kuma a na wajen ne farantin sifirin ke zaune, ya miƙa baya ya riƙe gidan taya. Haƙori ɗaya na waje digiri 7 da rabi ne, wanda a tsawon farantin ya kai santimita 5 zuwa 6 na tsayin mota. Haƙori ɗaya na ciki digiri 8 ne da minti 10. Idan aka juya na ciki haƙori ɗaya zuwa gaba, na waje haƙori ɗaya zuwa baya, abin da ya canza minti 40 ne kacal, wajen milimita 5. Da wannan ake daidaita gefen da ya fi zama, ko a sauke santimita 3 maimakon 6.

Wannan ne wurin da ya fi ji wa mutane ciwo. Farantin yana zaune a kan wani ɗan leɓen ƙarfe da ƙarfin sandar da aka riga aka murɗa. Ɗanannen tarko ne. Ga tsarin aikin. A tokare tayoyin gaba, a ɗaga baya a ɗora kan turakun ƙarfe, a cire taya da kusar ƙasa ta shokozoba. Kafin a kwance kusoshin da suka haɗa faranti da gidan taya, a yi zane da kurfi a kan duka biyun, domin ramukan kusoshin dogaye ne, da su ake saita fuskantar tayar baya. A ja gidan tayar baya a rataye shi da waya, kada nauyinsa ya sauka kan tiyon birki ko wayar hanbirki. A sa jak a ƙarƙashin bakin faranti, a zagaya sarƙa daga gindin jak zuwa shasi don kada motar ce ta tashi, a ɗaga har farantin ya bar leɓen. A kwance kusoshi huɗu na murfi, a ɗan banƙaro farantin waje da ƙarfe har ya wuce leɓen, sannan a sauke jak a hankali. Hannu da ƙafa da fuska kada su shiga ƙarƙashinsa har sai ya saki.

Da ya saki, a ɗora ma'aunin kusurwa a kansa, a cire karkatar jikin motar daga abin da aka karanta. A T2 yakan faɗo tsakanin digiri 20 da 23 gwargwadon shekara da nau'i. A shafa alamar fenti a kan sanda da faranti. A zare farantin ana danne sandar don kada ta fice daga haƙoran ciki. Idan ta fice, ma'aunin kusurwa ne kaɗai zai mayar da kai hanya. A juya haƙori ɗaya, a sake aunawa, a tabbata gefe biyun sun zo kusurwa ɗaya. Robobin da ke rungume da faranti a sa sababbi, a shafa musu hoda, ba giris ba, giris na cin roba. Sandunan na da alamar hagu da dama a bakinsu, ba a musanya su, kuma ba a ƙarce fentinsu, domin daga ƙarcen tsatsa ke shiga sanda ta karye. Wajen mayar da murfi, dogayen kusoshi biyu na wucin gadi na taimakawa a jawo shi.

Haƙori ɗaya ne iyakar abin da muke ba da shawara ga motar da ake kwana a ciki. A haƙori biyu farantin ya kusa kai rufinsa, saman tayoyi sun kwanto ciki sosai, gefen ciki na taya na cinyewa, joyin ɗin shaf na aiki a kusurwar da ba tasa ba. Wasu kan yanke wani yanki na farantin don ya sami wurin hawa, alhali shi ke riƙe da tayar da ke ɗauke da injin. Wanda ya nace sai ya sauka haka, ya sayi farantin da aka ƙera musamman don wannan.

Mai rababben gilashi ta kafin 1967 wata aba ce daban. Tana da ƙananan akwatunan giya a bakin kowace tayar baya, kuma aksil ɗinta lilo yake daga jikin giya, don haka saukewa kaɗan na kwantar da tayoyi ƙwarai. Masu yi da gaske sukan sauya tsarin bayan ne dungurungum. T3 kuwa sifirin mai naɗi gare ta gaba da baya: a sayi gajerun da aka yi mata, masu sauke santimita 3 zuwa 5, da shokozoba daidai da su. Ba a yanka sifirin, ba a gasa shi da wuta.

Kada hanci ya fi gindi sauka

Mutane na son gaba ya fi baya zama, don ya fi kyau a ido. Ga abin da hakan ke ci. Layin da tayar gaba ke juyawa a kai ya ɗan kwanta baya da kusan digiri 3, shi ake kira kasta, shi ke sa sitiyari ya dawo tsakiya da kansa, mota ta riƙe hanya. Tsakanin tayar gaba da ta baya milimita 2,400 ne, don haka duk milimita 42 da gaba ya fi baya sauka, digiri ɗaya na kasta ya tafi. Wanda ya sauke gaba santimita 10 ya bar baya yadda yake, ya zubar da fiye da digiri biyu cikin ukun. Mota mai faɗin gefe kamar Kombi, injin a baya, da ma iska na tura ta. Idan kasta ya ƙare, tirela na wuce ta za ta yi ta yawo a kan titi. A ƙaramar motar Volkswagen Beetle ana cusa ƙarfe a bayan bututun ƙasa a dawo da shi, amma bim ɗin Kombi ta gefe yake ɗaure, wannan dabara ba ta aiki. Maganin shi ne a sauke gaba da baya kusan daidai.

Birki ma na da ruwa a nan. T2 na shekarun 1970 masu birkin faifai a gaba na da wata 'yar na'ura a jikin shasi mai rage ƙarfin birkin baya idan an taka da ƙarfi. Da ƙwallon ƙarfe take aiki a kan gangare, kuma kusurwar da aka ɗaura ta ce ke saita ta. Idan motar ta duƙa gaba, kusurwar ta canza, sai ta riƙa yanke birkin baya da wuri, tafiyar tsayawa ta ƙaru.

Taya

A nan aka fi yin ganganci. Tayar asali 185 R14 C ce, ta motar kaya. Da aka sauke mota ta fara gogar rami, sai a nemo ƙaramar tayar ƙaramar mota, irin 175/55 R15. Lambar nauyinta yawanci 77 ce, wato kilo 412. Gaban Kombi cike na iya ɗora fiye da kilo 500 a kan kowace taya, kuma direba a kanta yake zaune. Tayar da aka ɗora wa fiye da ƙarfinta zafi take yi a doguwar tafiya, ta fashe ba gargaɗi.

A raba iyakar nauyin aksil biyu, a nemi lambar da ta kai ko ta wuce. Lamba 85 kilo 515 ce, 88 kilo 560, 92 kilo 630, 93 kilo 650, 95 kilo 690. Gaba kada ya gaza 85, baya kada ya gaza 93. Taya 185/65 R15 mai lamba 92 a gaba da 195/65 R15 mai 95 a baya sukan shiga motar da aka sauke santimita 6, amma a gwada kafin a biya. Wayar ma'aunin gudu daga tayar gaba ta hagu take, saboda haka ƙaramar taya irin 175/55 R15 za ta sa allura ta ƙara fiye da kashi 10 cikin ɗari.

Sai gwajin faci. A sace duk iskar ɗaya daga tayoyin gaba a kan siminti, a leƙa. Babu abin da ya kamata ya taɓa ƙasa in ban da tayar: ba ƙasan bim ba, ba akwatin sitiyari ba, ba sandar hana tangaɗi ba, ba boljoyin ba. A maimaita a baya, a duba kaskon man injin da salansa, da tankin ruwa ko bututun gas idan an rataya su a ƙarƙashi. Idan ƙarfe ya riga rim isa ƙasa, ranar da taya ta fashe ana gudu shi zai caki kwalta, sitiyari ba zai yi amfani ba. T2 ta bar kamfani da tazarar wajen santimita 18 daga ƙasa. Bayan an sauke 6, saura 12, kuma wannan a titin Turai ne. Mai irin wannan mota a hanyoyinmu masu ramuka da tudun rage gudu, ya gyara sifirin ya bar ta a tsayinta.

Akwai kuma abin da ba ya gyaruwa da awo. A Kombi ƙafafun direba na bayan fitilu kai tsaye. Ƙarfen da aka ƙara a bayan bamba daga ƙirar 1973 an sa shi ne ya haɗu da bambar wata mota. Duk sauka na kai shi ƙarƙashin bambar manyan jif na yanzu.

Bayan an haɗa

A tura motar gaba da baya ta zauna, a loda mata kaya, sannan a ɗaure kusoshin shokozoba da na bushin tana kan tayoyinta. Kusoshin taya a ɗaure su Nm 130 (Nm shi ne awon ƙarfin ɗaure kusa). Babban notin aksil na baya, idan an taɓa shi, Nm 350 da sabon fil. A ƙure sitiyari hagu da dama ana kallon tiyon birki, kada ya miƙe ko ya goge taya. A kai ta alaimen na tayoyi huɗu. Kwanciyar tayar gaba da wani bushin mai karkataccen rami ake saita ta, a boljoyin na sama, tsagarsa na kallon gaba. A tabbata mai alaimen ya san da shi. A sake saita fitilu. A Turai ƙasan babbar fitila ba ya sauka ƙasa da santimita 50, a Jamus sai masu duba lafiyar motoci irin su TÜV sun duba an shigar da canjin cikin takardu, a Birtaniya kuma rashin sanar da kamfanin inshora na iya sa ya ƙi biya.

Don sanin filin da ya rage, a manna dunƙulen laka a rufin ramin kowace taya da saman tayarod, a bi hanya mai gargada a hankali da cikakken kaya, a dawo a auna kaurin da ya saura. Muna son a sami aƙalla santimita 5 na motsi kafin roba idan mota na cike, kuma lakar kada ta huje. A gwada birki mai ƙarfi a fili babu kowa, daga gudun kilomita 30, sannan 50. Bayan kilomita 100 na farko a sake bin kowace kusa da sifana, a sake auna tsayin huɗun, domin sababbin robobi na zama.

Tun a gida a gwada canza tayar baya. A motar da aka sauke, tayar kan maƙale a bayan leɓen rami ko da an ɗaga jiki, sai an sace iskarta ko an kwance ƙasan shokozoba kafin ta fito, kuma jak na yau da kullum ba ya shiga ƙarƙashi idan taya ta kwanta. A ajiye gajeren jak, da katako mai kaurin santimita 5 da za a hau a sami wurin sa shi, da sifanar kusar shokozoba, da famfon iska, a wurin da hannu zai kai ba sai an kwashe gado ba.